Hanyar Malam a Gindin Dogon Yaro

Ciwon ya kama Malam a lokacin cirar albasa. Malam shi ne maigidana. Haka nake kiransa tun da aka kawo ni gidansa a Wurno, haka ma unguwa ke kiransa, ko da yake noma ne sana'arsa. Ni ce mai koyarwa, a makarantar firamare. Ranar ya dawo daga fadama da hantsi, ya miƙa hannu zai ɗauki buta, hannun ya ƙi. Kafin azahar ɓarin jikinsa na hagu ya shanye.

Mun daɗe muna jinya a Sakkwato. Da za a sallame mu, likitar da ke gasa masa jiki ta ja ni gefe ta ce mini magani na nan, amma ita ƙafa tafiya take so. Kullum ya taka, ko kaɗan ne, a wurin da ƙasa ta kwanta sosai. In aka bar ƙafar ta sanƙare, to ta tafi ke nan.

Tsakar gidanmu ba ta da fili. Ga rumbu, ga turken awaki, ga murhu. Lungunmu kuwa ko mai lafiya sai ya lura da kwata da kwazazzabo. Wuri ɗaya ne ya dace, wato filin da ke bayan makarantarmu, wanda kowa ke kira gindin dogon yaro. An ce da can an taɓa kewaye shi da waya aka ce wurin shaƙatawa ne. Ni dai ban ga wayar ba. Abin da na tarar shi ne itatuwan dogon yaro manya, sun haɗa kai sun yi inuwa, da bencinan siminti jefi-jefi, da ƙasa mai tauri shimfiɗe kamar daɓe.

Filin na kowa ne. Tsofaffi suna da kusurwarsu inda suka haƙa gurabun dara. Mata suna ratsawa ta tsakiya zuwa famfo. Yara suna langa da yamma. In kasuwa ta kusa, sai ka ga an baje albasa ana tsince ruɓaɓɓu. Ba wanda ya raba wa kowa wuri, amma kowa ya san nasa.

Nan muka fara fita bayan la'asar. Malam na dogara sanda da hannun dama, ni ina riƙe da shi ta hagu, yana jan ƙafar tana zana layi a ƙasa. Daga wannan benci zuwa wancan, ya zauna ya huta, abokansa na dara su yi masa tsiya, ya rama da bakinsa da bai gama warwarewa ba. A hankali ƙafar ta fara ɗagawa. Har ya kai ina sakinsa ya yi 'yan taku shi kaɗai.

Ana nan sai aka kafa ƙarfen sabis a bayan filin. Mu duka mun yi murna, don a da sai mutum ya hau tudu kafin ya ji muryar ɗansa da ke birni. Ashe a duk unguwar babu inda sabis ya kai gindin dogon yaro ƙarfi, kuma samari ba su daɗe ba suka gano haka.

Da fari 'yan kaɗan ne, yawancinsu ma ɗalibaina ne na da. Sai su zauna a benci ɗaya, kowa ya kwantar da wayarsa a tafin hannu yana murza ta da manyan yatsu. Gem suke bugawa, irin wanda ake haɗuwa da mutanen nesa ana harbin juna. Kafin damina ta faɗi sun cika wurin. Wasu daga Magarya suke zuwa, wasu har daga Kwargaba, goyon biyu goyon uku a mashin. Suka jera mashina duk inda suka ga inuwa. Wani dogon saurayi ya kawo tebur da ɗan janareto yana yi musu caji, ya ja wayoyin wuta a ƙasa daga wannan gindin itace zuwa wancan.

Ba su kori kowa da baki ba. Tsofaffin dara ne suka zo wata rana suka tarar an aza mashin a kan gurabunsu, suka kwashe 'ya'yan dararsu suka koma ƙofar masallaci, inda rana ke dukansu har la'asar sakaliya. Mata suka daina ratsawa, don ba mace mai son ta keta taron maza da tulu a ka, suka riƙa zagayawa ta bayan katanga. Yara suka rasa wurin langa.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙarar. Wayoyin nan harbin bindiga suke fitarwa, kuma a ƙasarmu wannan ƙara ba wasa ba ce. Akwai wata mata da ta gudo daga wajen Shinaka bayan 'yan bindiga sun shiga ƙauyensu, tana zaune a gidan 'yan uwanta kusa da mu, tana sayar da dafaffen wake. Wata yamma ta shigo filin da tirenta daidai lokacin da aka saki ruwan harsashi daga wayoyi da yawa, samari suka ɗauki ihu. A gabana ta yar da tiren ta kwanta rub da ciki, ta rufe kai da hannuwa. Na sa Malam ya jingina da itace na je na tashe ta, na tattara mata tirenta.

Mu dai ba mu fasa fita ba. Muna kewaye mashina, muna tsallake ƙafafun mutane, in Malam ya gaji sai na roƙi wani ya matsa masa ya zauna. Suna matsawa, ba laifi, amma ido na kan waya.

Ranar da ya faɗi, na sake shi ne kamar yadda muka saba. Ƙafar da yake ja ta sarƙe da wayar caji da ƙura ta rufe. Ya tafi gaba ɗaya, sandar ta yi gefe, hularsa ta gangara. Na yi salati da ƙarfi, amma waɗanda ke kusa da shi kunnuwansu a toshe suke da abin jin sautin waya. Yana kwance a tsakiyarsu yana ƙoƙarin juyawa da hannu ɗaya, ba wanda ya lura. Da suka ankara kuma sai suka taso gaba ɗaya, suka yi masa rumfa, wannan ya kama hannu wancan ya kama ƙafa, ana ta sannu Baba, sannu Baba. Suka ɗauke shi cak kamar jariri har ƙofar gida.

Bai karye ba, gwiwa ce kawai ta kurje. Amma washegari da na ɗauko sanda, sai ya juya fuska ga bango.

"Ba ni zuwa," ya ce. "Ni da nike ɗaukar buhun albasa ni ɗai, yau ɗiyan da anka haifa gabana ka ɗaukata awa kaya? Bar ni nan."

Na lallashe shi, na yi fushi, na kira ƙanensa ya yi masa magana, duk a banza. Ina gani ƙafar ta fara komawa gidan jiya. Da safe in na kama ta zan lanƙwasa sai in ji ta kamar icce.

Na yafa mayafi na tafi wurin mai unguwa. Dattijo ne mai sauƙin kai, tsaran Malam. Ya saurare ni har na gama, ya ce shi ma koke ya ishe shi. Ya tura 'yan sintiri suka watsa taron. Filin ya yi tsit na 'yan kwanaki. Amma 'yan sintirinmu aikin tsaron gari ne a gabansu, ba gadin benci ba. Suna janyewa samari suka dawo, har sun fi da yawa, kuma yanzu sun san wadda ta kai ƙararsu. In na wuce sai gaisuwa ta yi ƙaranci.

Na ga dai aike ba zai yi ba, sai na je da ƙafata. Na nufi teburin mai caji, tunda wayar wutarsa ce ta kayar da Malam. Ya miƙe tsaye da ya gan ni, ya rusuna.

"Inna, wallahi abin da ya faru ga Baba ya tsaya min a rai," ya ce. "Amma kin sa an kore mu. Ina kike so mu tafi?"

Na ce gida, ko gona, ko duk inda samarin kirki ke zuwa.

Ya ce shi ba shi da gonar zuwa. Shi ma daga wajen Shinaka yake. Gonarsu tana can, ba mai iya taka ta. Ya juyo mini da fuskar wayarsa ya nuna mini 'yan hotunan abokansa a gefen gem ɗin.

"Wanga shina Goronyo. Wanga shina Rabah wurin kawunnai. Wanga ya tsallaka Nijar. Tare munka tashi, unguwa guda. Tun da munka watse ba mu sake zama wuri guda ba. In la'asar ta yi, nan ciki muka haɗuwa. Ina jin muryarsu, suna jin tawa."

Na dawo gida ina ta juya maganar. Har yanzu ban fahimci yadda wanda ya gudo daga harbi zai zauna yana wasan harbi ba, kuma ban yi kamar na fahimta ba. Abin da na gane shi ne ba za su tafi ba, ni ma kuma ba zan bar musu ƙafar mijina ba. Na tambayi kaina abin da nake bukata a filin nan. Ashe ba filin duka ba ne. Hanya ce, mai faɗin da mutum biyu za su jera, daga bakin lungunmu zuwa famfo, da benci guda a tsakiya.

Na ari baro a wurin maƙwabcinmu magini, na roƙe shi gutsattsarin bulo da ya zubar a bayan gidansa. Ranar Asabar da safe, kafin kowa ya zo, na jera su layi biyu daga wannan baki zuwa wancan. Na share tsakiya tas, na tsince duk wata tsakuwa. Da yamma na dawo na tarar mashina sun bi ta kai, bulon ya watse, wani ma ya ɗauki guda ya yi matashi da shi.

Washegari na sake jerawa. Suka sake watsawa. Ba duka da gangan ba, wasu ba su ma san abin da ake nufi da layin ba. Na ci gaba. Kafin in tafi makaranta sai in bi in gyara, in na taso in sake bi. Bayana ya riƙa ciwo, tafin hannuna ya yi kanta. Magana ta fara yawo a unguwa cewa jinya ta taɓa Malama. Wata aminiyata ta zo har gida ta ce in rufa wa kaina asiri, mace mai shekaruna ba ta ja da samari a fili. Na ce mata ba ja nake yi ba, shara nake yi, kuma ban taɓa jin an hana mace shara ba.

Daga nan na fara zama. Da an yi la'asar sai in riga su zuwa bencin tsakiya, in baje faifai ina tsintar wake. Wanda ya zo ya gan ni sai ya nemi wani wuri. Zaman nan ne ya koya mini yadda wasan yake. Na lura in suna tsakiyar bugu, ko me ka ce musu ba ya shiga, don wasan ba ya tsayawa ya jira kowa, in mutum ya ɗaga kai an kashe shi. Amma in zagaye ya ƙare, sai ka ga sun sauke wayoyi, suna miƙa, suna musu a kan wanda ya jawo aka ci su. A wannan ɗan tsakanin mutane ne kamar kowa. Sai na daina ɓata bakina a banza. Ina jira su sauke, sannan in kira guda, in da hali wanda na taɓa koyarwa.

"Kai, taho nan. Wa ya koya maka baƙi da wasali?"

"Ke ce, Malama."

"To ɗauke mashin ɗinka daga hanyar nan, ka kai shi gabas wurin katanga."

Sai ya yi dariya ya ɗauke. Gobe in kama wani.

Ba kowa ne ya ji ba. Akwai wani baƙo, ba ɗan unguwarmu ba, da ya zo ya tsayar da mashin a tsakiyar layin yana kallona. Na ce ya gyara. Ya ce, "Hajiya, filin ga na gwamnati na, ba na gidanku ba."

Na ce, "Gaskiyarka. Shi ya sa nike da rabo a ciki, kamar yadda kake da shi. Ga naka can, ga nawa nan."

Ya ƙi motsi. Ni kuma na ɗauki faifaina na je na zauna a ƙasa, dab da tayar mashin ɗinsa, na ci gaba da tsintar wake. Na ƙi tashi. Ɗalibaina suka fara kallon juna, don abin kunya ne gare su a ce malamarsu na zaune a turɓaya saboda baƙo. Mai caji ne ya taso, bai yi faɗa ba, ya kama kan mashin ɗin ya tura shi zuwa katanga, mai shi na biye yana gunaguni.

Bayan wannan abubuwa suka ɗan sassauta. Mai caji ya samo gwafanni ya kafa, ya ɗaga wayoyin wutar sama ya ratsa su ta rassan dogon yaro, ya mayar da janareton can ƙarshen fili. Wata safiya na zo gyaran bulo na tarar wani ya riga ni, har ya shafa musu farar ƙasa. Ban tambayi ko wane ne ba. Maganar ƙarar harbi ce ta fi wuya. Na roƙe su su riƙa sa abin ji a kunne, na ba su labarin mai wake ba tare da na faɗi ko wace ce ba. Wasu suka ji, wasu suka ce ba su da shi, wasu kuma suka ce wasan ba ya daɗi in ba a jin ƙara. An dai rage.

Hanya ta samu, saura mai tafiya. Malam ya ji duk abin da nake yi, don ƙanensa na kawo masa labari, amma bai taɓa tanka mini ba. Na fara da fitar da kujerarsa zaure, na ce ɗaki ya yi zafi. Bayan kwanaki na matsar da ita ƙofar gida. Rannan na zauna kusa da shi na buɗe masa tafin hannuwana.

"Dubi," na ce. "Ban yi wanga aiki don awaki su bi ba."

Ya daɗe yana kallon hannuwan. Ya ce, "In na sake faɗuwa fa?"

"In ka faɗi ni ka tashe ka. Ni ɗai."

"Su taso su yi min rumfa suna sannu Baba?"

Sai a lokacin na gane ba faɗuwar yake tsoro ba. Na koma filin, na jira zagaye ya ƙare, na tara waɗanda ke kusa. Na ce musu gobe Malam zai fito, kuma alfarma ɗaya nake nema. Kada wanda ya miƙe, kada wanda ya gaishe shi, kada wanda ya kalle shi. Kowa ya ci gaba da wasansa.

Wani ya ce, "Malama, mu ga Baba mu ƙi gaishe shi? Ai sai a ce ba mu da tarbiyya."

Na ce na ɗauke musu, in ya warke sa biya bashin gaisuwar.

Haka aka yi. Mun shigo ta bakin lungu, Malam na huci, sandarsa na rawa. Samari sun cika ko'ina, dama da hagu, kowa ya dunƙufar da kai. Na san da yawansu ba wasan suke ba, don na ga wayar wani a kashe take, yana ta murza baƙin gilashi. Malam ya ja ƙafa har bencin tsakiya ya zauna, gumi na zuba. Ranar iyakarmu ke nan. Da muka dawo gida ya sha ruwa ya ce, "Yaran ga ba su da kunya, ko gaisuwa babu." Na ce ai kuwa, zamani ne.

Ƙafar ba ta koma yadda take kafin faɗuwar da wuri ba, zaman da ya yi ya ci mu. Sai da muka ɗauki watanni kafin ya kai famfo ya dawo. Hannun kam har yau bai dawo ba. Tsofaffin dara wasu sun komo sun haƙa sababbin gurabu kusa da hanyar, wasu sun ce su da hayaniya har abada. Mata sun koma ratsawa, tunda yanzu akwai layin da ba mai zama a kai. Mai wake ba ta sake shiga filin ba. Takan tsaya a bakin lungu, wanda ke so ya je can ya saya. Yara kuwa har yanzu ba su da wurin langa, kuma wannan na nan a raina. Na fara yi wa shugaban makarantarmu magana ko za a riƙa bar musu ƙofar filin makaranta a buɗe da yamma. Ya ce zai duba, ni kuma duk mako sai na tuna masa.

Aikin bai ƙare ba. Duk lokacin da aka yi hutu ko salla, baƙin samari kan cika wurin, waɗanda ba su san komai ba, sai an sake bayani daga farko. Ruwan sama kan kwashe bulo ya kai kwata, sai an tsamo.

Kwanan baya wata yarinya matashiya ta yi sallama a gidanmu. Daga wata unguwa take, can kusa da kasuwa. Ta ce surukarta ce ta kamu da irin ciwon Malam, an ce ta riƙa tafiya, kuma ta ji labarin akwai hanya a gindin dogon yaro. Tana tambaya ko sai an nemi izini a wurina. Na ce mata ba hanyata ba ce, ta kawo ta kawai. Na gaya mata ta zo da hantsi, lokacin samari ba su taru ba, don tsohuwa ba za ta so idon maza ba. Na ce ta samo mata takalmi mai kama dunduniya, ta bar silifa. Da ta tashi tafiya na raka ta har filin, na nuna mata inda ƙasa ta ɗan zafta kusa da famfo, na ce ranar Asabar ta zo da kwano, ni zan zo da baro, mu cike wurin.